Shekarar da Na Ɗora Baba a Waya

Ummi da Nana, ku matso ku ji. Na san abin da ake faɗa muku in kun je ɗiban ruwa a unguwarmu Bukan Sidi, wai Anti Adama ce ta sa aka kori Baba daga aiki don neman suna. To ba ƙarya suka yi ba, amma lokacin kuna firamare, ba wanda ya zaunar da ku ya ba ku labarin daga kai har wutsiya. Yanzu an yi hutu, hostal ɗinmu na Shabu ya watse, ni kaɗai ce a layinmu sai wata akuya da take leƙo ni da hantsi. Sakamakon jarrabawa ya fito jiya, na ci, wallahi na ci da kyau, na yi tsalle na buga ihu har ƙofa ta girgiza, sai na waiga na ga ba wanda zan rungume. Shi ne na ce bari in zauna in buga muku wannan babin da manyan yatsun nan nawa guda biyu, tunda dai su suka jawo komai.

Sai kun fara sanin wace ce ni a lokacin. Ina aji biyu a jami'a, karatun aikin gona, amma gaskiya rabin rayuwata a waya take. Ina iya tura saƙo uku kafin malami ya juyo daga allo. 'Yan ajinmu Minista suke ce mini, saboda ba wata matsalar ƙasar nan da ba ni da maganinta a baki. Fetur ya yi tsada, ina da magani. An ɗauke wuta, ina da magani. Na haɗu fa, ko in ce ina jin na haɗu. Baba kuwa shekara da shekaru yana yankan tikit a kasuwar doya. Ba ma'aikacin gwamnati ba ne kai tsaye, wani kamfani aka ba kwangilar karɓar kuɗin, shi kuma yana ƙarƙashinsu, da 'yar rigarsa koriya da littafin tikit a hannu. Yana da wata ƙa'ida tasa da ba a rubuta a ko'ina ba: ba ya tambayar ɗan kasuwa kuɗi sai ya yi cinikin farko. Kun san 'yan kasuwa, in kuɗi ya fita daga lalita kafin wani ya shigo, sun ɗauka ranar ta lalace ke nan. Sai Baba ya zagaya da safe ya gaisa da kowa, ya dawo bayan azahar ya karɓa. Wadda har yamma ba ta sayar da ko doya ɗaya ba, sai ya bi ta gabanta yana kallon sama kamar yana duba hadari.

A layin nan akwai Mama Doose, 'yar Tibi, ƙatuwar mace mai murya kamar lasifika. Mu kuma kun san kakanmu daga wajen Gombe ya zo, Fulani ne mu, duk da saniya ɗaya ba mu da ita, Fulatancin ma ya tsere mana. To tsakanin Fulani da Tibi akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa ya ga ɗan'uwansa sai ya tsokane shi. Baba da Mama Doose sun mayar da abin kamar karin kumallo. Da ta hango koriyar riga sai ta miƙe.

"Jama'a ku riƙe jaka! Ɓarawo ya zo!"

"Ke, biya ni shanun kakana da kuka cinye tukuna, sannan mu yi maganar tikit."

"Wane shanu? Kai ko kaza ba ka da. Kullum tikit, kullum tikit, ka kashe ni ka huta!"

Sai ta ɗaga doya kamar za ta kwaɗa masa a ka, shi kuma ya miƙa littafin tikit yana karewa, duk layin a fashe da dariya. Daga nan ta tambayi Inna, shi ya tambayi gwiwarta. Ni ma tun ina goye ta san ni. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, in ta gan ni sai ta ce, "Ɗan ɓarawo, ka zo? Ka ci abinci?" Ta gasa mini doya ta zuba manja. Ina gaya muku wannan ne don kar wata a cikinku ta ce wai Anti Adama ba ta sani ba. Na sani sarai.

A wannan shekarar, lokacin da rediyo ya cika da maganar kasafin kuɗin ƙasa, wata ƙungiyar matasa ta fitar da sanarwa. Wai in kai ne aka ba ka kuɗin ƙasar nan ka raba, me za ka sa a gaba, wa zai biya haraji, wa za a tallafa wa? Kowa ya yi gajeren bidiyo ya ɗora. Waɗanda suka fi za a nuna su a wani taro a cikin Lafia, a tattara shawarwarin a kai Abuja. Kai! Kamar an ce Minista ga ranarki. Mako guda ina bin mutane da tambaya. Ɗan acaɓan da yake kai ni Shabu ya ce, "Hajiya, ki ce musu hanya, hanya kawai, bayana ya gama aiki." Ƙawata Pesho, sunanta Patience, 'yar Keana ce, ta kira kakarta mai dafa gishiri, tsohuwar ta ce ita dai a nemo musu wata dabara da ba itace ba, hayaƙi ya cinye mata ido. Inna ta ce a sa magani a asibiti, a daina ba mutum takarda a ce ya je kyamis. Na samu Baba yana alwala na ce, Baba kai fa?

"Ni? Ni hannu ne, Adama. Ana tambayar hannu inda kuɗi za su?"

Na yi dariya na wuce, ban ma tsaya na juya maganar ba. Na haɗa tawa shawarar, kuma wallahi mai kyau ce, har gobe ina kanta. Na ce a daina tatsar mai tire da mai doya da mai kayan miya ta ko'ina, wannan ya karɓa wancan ya karɓa, a mayar da shi tikit ɗaya kowa ya san inda ya nufa. Na ce a juya a bi manya masu jerin gidajen da ba kowa a ciki. Abin da aka samu a gina rumbunan ajiya kusa da gonaki don doya ta daina ruɓewa a hannun manomi, a kuma zuba magani a ƙananan asibitoci kamar yadda Inna ta ce. Na sa mayafina mai kyau, na tsaya gaban gonar gwaji ta makaranta, na zuba bayani tiryan-tiryan. Na ɗora. Kwana biyu ina leƙawa kamar mai jiran tuwo ya nuna. Waɗanda suka kalla ba su fi 'yan ɗakinmu ba, sai wani mutum da ya rubuta wai ina da aure? Pesho ta karɓi wayar ta kalla ta miƙo mini.

"Minista, abeg, wa zai zauna kallon lakca da datarsa? Mutane faɗa suke so. Ba rigima, ba kallo."

Kar ku ɗora wa Pesho komai. Ita magana ta yi, ni na aikata. Ranar Asabar na zo gida, Inna ta aike ni kasuwa sayo doya. Ina shiga layin na hango koriyar riga, na ji Mama Doose ta fara. Hannuna da kansa ya zaro waya. Na ɗauki komai, daga ihun farko har Baba ya bar layin, wajen minti uku. Na shiga keke zan koma gida, kuma kafin mu iso Bukan Sidi na gama aikin, don in na ce muku yatsuna suna gudu ba wasa nake ba. Na yanke maganar shanu, saboda duk wanda ya ji ta zai gane wasa ne. Na yanke dariyar da duk abin da ya biyo bayanta. Na bar "ɓarawo ya zo", na bar "ka kashe ni ka huta", na bar doyar da aka ɗaga da littafin tikit da aka miƙo. Na manna wa Baba sitika a fuska, a raina na ce shi ke nan, na kare shi. Na rubuta a ƙasa: dubi yadda ake gasa wa iyayenmu mata aya a hannu da sunan haraji. Na liƙa shawarata a baya. Na danna. Na sauka daga keke na kai wa Inna doyarta, har da ce mata an yi mini ragi.

Abin ya fashe! Kafin la'asar wayata ta yi zafi kamar dutsen guga. Wannan ya tura, wancan ya tura, mutanen da ban taɓa gani ba suna ce mini jaruma. Na koma hostal 'yan mata suka ɗaga ni sama suna Minista, Minista! Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗin ranar nan ban taɓa jin irinsa ba. Abin da na manta shi ne Lafia ba Legas ba ce. Sitika ta rufe fuska, amma ba ta rufe hular Baba ba, ba ta rufe yadda kafaɗarsa ta hagu take karkata ba. Washegari wani ya rubuta sunansa a ƙasan bidiyon. Sai tsinuwa ta fara sauka, Allah ya isa ta ko'ina, daga mutanen da ko hanyar kasuwar ba su sani ba. Daga nan wasu suka juya maganar gaba ɗaya, suka bar haraji suka koma wai dubi abin da mutanen wancan addinin suke yi wa na wannan. A garinmu kun san irin wannan magana ba a wasa da ita. Na goge bidiyon da sauri, amma ina! Ya riga ya haihu a wayoyin mutane.

Na taho gida ranar Talata. Ina tsakar gida Inna tana tsintar shinkafa, sai ga Baba ya shigo tun azahar ba ta yi ba, kuma babu koriyar riga a jikinsa. Bai yi ihu ba. Da ya yi ihu ma da na fi samun sauƙi. Ya tsaya a bakin zaure ya dube ni.

"Adama, wayarki ce ta ɗauki abin nan?"

"Eh Baba, amma ai na rufe maka fuska, kuma ni ba kai nake nufi ba, tsarin nake…"

"Kin san wasa muke yi?"

"Na sani."

"To."

Ya shige ɗaki. An dakatar da shi, wai sai an yi bincike. Wannan "to" ɗin ita ce kalmar ƙarshe da ya faɗa mini baki da baki har kusan shekara. Daga ranar komai ta hannun Inna yake bi. Ina zaune a gabansa zai ce, "Ki gaya wa 'yarki ta kau da takalminta daga hanya." In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Ku kuna ta wasanku a tsakar gida, kuna zuwa ku hau cinyarsa, ni ina kallo daga ƙofar kicin kamar baƙuwar da ta ɓata gida.

Na je wurin Mama Doose in ba ta haƙuri. Ina tsammanin za ta yi mini ihu irin nata, in yi kuka, a wuce wurin. Na same ta zaune shiru a kan buhu, abin da ban taɓa gani ba.

"Adama," ta ce. Ba ɗan ɓarawo ba, Adama. "Ka sa ni a waya kamar mahaukaci. Fasto ya kira ni. Yarana a Makurɗi sun ce in bar kasuwa, wai za a kashe ni. Wa zai kashe ni? Babanka? Lokacin mijina ya mutu, mutumin nan ya zauna a doyana kwana uku yana sayar mini. Ka sa wannan a waya?"

Na ce Mama ki yi haƙuri. Ta ce ta ji. Ta juya ta ci gaba da jera doya. Ranar ba a gasa mini komai ba.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga ƙungiyar nan, wai bidiyona yana cikin waɗanda aka zaɓa, in zo taro in yi bayani da bakina. Nan take dabara ta faɗo mini, kun san Minista ba ta rasa magani. Cikakken bidiyon yana nan a wayata. Zan je gaban jama'a in kunna shi daga farko har ƙarshe, kowa ya ga wasa ne, a wanke Baba, a mayar masa da rigarsa, ya kira sunana. Har na hango yadda zai yi murmushi. Na gaya wa Inna ina rawar jiki. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Kin tambayi babanki?"

"Inna, ai ba ya yi mini magana."

"Ni yana yi mini. Ki bari in tambaye shi tukuna."

"Taron gobe ne fa. Kuma gaskiya zan faɗa, me zai ɓaci a gaskiya?"

"Adama, gyaran da ba a yi shawara ba, ɓarna ce ta biyu."

Ban jira ba. A raina so nake in ba shi mamaki, in zo masa da aikin a hannu kamar kyautar Sallah. Washegari na tafi. Zauren ya cika. Na zauna ina jin mutane suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Wani tsohon malamin makaranta ya ce a biya fansho a kan kari kafin a gina sabon ofis ko ɗaya. Wata nas ta ce a ware wa mata masu ciki motar da za ta ɗauko su daga ƙauye. Wani mai keken guragu ya ce shi ba ya son a ba shi shinkafa a ɗauki hoto, a gyara masa matakalar asibiti. Maganganu masu nauyi, kuma ba wanda ya yanka kowa don ya faɗe su. Da aka kira ni aka tafa sosai, don an san fuskata. Na karɓi makirfo. Na ce mutumin da kuka tsine wa ubana ne, abin da kuka gani kuma ni na yanke shi, ga cikakken. Aka kunna a babban allo. Da aka zo maganar shanu zauren ya kwashe da dariya, Tibi da Fulanin da suke wurin har suna nuna juna. Sai ƙarshen ya zo, wanda ni kaina ban taɓa tsayawa na kalla da kyau ba. Baba ya rufe littafin tikit ya sa a aljihu, muryarsa ta fito tar.

"Ba ki yi ciniki ba ko? Bari kawai. In ba a samu yau ba, gobe ma rana ce."

Ya wuce, ya bi ta gaban wasu mata biyu yana kallon sama. Wasu suka tafa, wata mata a gaba ta share ido. Na ce alhamdulillahi, aiki ya yi. Shugabar taron ta ja ni gefe ta ce ta yaba da ƙarfin halina, amma ba za su iya kai shawarar da aka gina a kan yankakken bidiyo ba. Na ce ba komai. Na hau acaɓa ina murmushi, ni a dole na fanshi ubana.

Kwana biyu bayan nan kamfanin ya kira Baba. Inna ce ta ba ni labarin, tana wanke-wanke, ba ta ko ɗago kai ba. Wai Ogan kamfanin ya juyo masa da waya ya ce, "Malam, mu mun dakatar da kai ne don a ce mun yi wani abu, da ƙura ta lafa za ka dawo. Ashe kyauta kake yi da tikit ɗinmu? Shekara nawa kana haka?" Baba bai yi musu ba. Ya ce tun ranar da ya fara. Aka ce ya ajiye littafin. Kun gane? Ƙaryata hutun dole ta ba shi. Gaskiyar da na kwasa a guje ban tambayi kowa ba, ita ta kore shi. Da na bari Inna ta tambaye shi, da kalma ɗaya zai ce kar a nuna ƙarshen nan, don shi ya san abin da yake ciki. Bayan tafiyarsa aka sa wasu a bakin ƙofar kasuwa, tun kafin a sauke doya daga mota sai an biya, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Ni da na fito don a sauƙaƙa wa masu doya haraji, ga abin da na bar musu.

A waya kuma aka juyo kaina. Waɗanda suka ce mini jaruma su suka koma Minista maƙaryaciya, har da masu haɗa hotona da dogon hanci. Aka cire ni daga guruf ɗin ajinmu, wai bisa kuskure, kuskuren da har yau ba a gyara ba. Cikakken bidiyon ko kwatan tafiyar yankakken bai yi ba, wa zai tura dariyar tsofaffi biyu? Abin da ya fi ci mini rai shi ne shawarar. Duk wanda ya ɗauko maganar tikit ɗaya a makaranta sai a ce, a'a, irin ta Minista ke nan. Magana mai kyau, ni na shafa mata baƙin jini. Pesho ba ta gudu ba, Allah ya saka mata, amma in an yi hutu Keana take tafiya. Ni kuwa na daina zuwa gida, don zaman ɗakin da ba kowa ya fi mini zaman gidan da ake magana ta saman kaina. Sallar shekarar nan a hostal na yi ta. Inna ta aiko ɗan acaɓa da tuwon shinkafa da miyar taushe a kula, na ci ina jiyo kiɗa daga cikin gari. Na buɗe waya, lambobi fal, na gangara har ƙasa na dawo sama, ban ga wanda zan kira ba.

Da damina ta faɗi Baba ya karɓi aron gona gaba da Shabu, ya shuka masara. Mutumin da rabonsa da fartanya tun yana saurayi. Hanyar gonar ta gaban makarantarmu take bi, saboda haka kullum da safe sai in fito bakin titi kamar ina jiran abin hawa. Ya zo a tsohon mashin ɗinsa, fartanya ɗaure a baya, ya wuce idonsa a kan kwalta. Na san ya gan ni, don daidai wurin yake rage gudu, duk da ba rami. Haka muka yi makonni. Ran nan sai mashin ya tsaya. Na matsa kusa. Ya sa hannu a aljihu ya zaro wata baƙar leda ya kwance. Ganyen masara ne, duk an huda shi, da wani abu kamar garin katako a tsakiya. Ya miƙo mini, ba wa bango ba, ni.

"Ku da kuka yi karatun, mene ne wannan?"

Wallahi amsoshi uku suka taso mini a lokaci guda, har da sunan magani. Bakina ya buɗe. Na kalli ganyen, na kalli hannunsa da ya yi kanta. Na haɗiye.

"Ban sani ba, Baba. Ina zato, amma ban tabbata ba. Bari in tambayo malaminmu."

Ya dube ni, kallo na sosai, irin wanda rabona da shi tun ranar Talatar nan.

"To, wannan magana ce. Je ki, ina nan."

Na kwasa a guje, mayafi yana tashi, na tarar da malamin zai shiga aji na tare shi a ƙofa. Ya duba ganyen ya ce tsutsa ce mai cin zuciyar masara. Ya rubuta mini abin da za a yi da lokacin da za a yi shi. Na dawo ina haki na samu Baba a gindin mangwaro ya kashe mashin yana jira. Na karanta masa a hankali, ya sa na maimaita. Da zai tafi ya ce, yana kallon titi, in masu tambayar kasafin kuɗin nan sun sake zuwa, wani ya ce musu a ɗauki malaman gona su riƙa zagayawa, don ba kowane manomi ne yake da 'ya a jami'a ba. Ya ce 'ya. Na riƙe kalmar nan na shiga da ita ɗaki na rufe ƙofa.

Kar ku ɗauka komai ya koma daidai. Aikin bai dawo ba. Mama Doose tana amsa gaisuwata, amma da sunana na yanka. Baba bai taɓa cewa ya yafe ba, ni ma ban sami bakin tambaya ba, kuma har yanzu ban iya kwana biyu a jere a gida ba. In an tare ku a bakin famfo an ce yayarku ce ta jawo, kar ku yi faɗa saboda ni, ku ce eh, ita ce, har sau biyu ma. Amma masarar ta tashi, bayanta ya sa riɗi, yanzu yana noman rani a bakin rafi, kuma duk mako sai mashin ya tsaya da leda. Wani lokaci ganyen tattasai, wani lokaci na kuɓewa. Na makon jiya ganyen alayyafo ne. Na juya shi gaba, na juya shi baya, na ɗaga shi a rana. Kore shar, ko ɗigon cuta babu, lafiyarsa ƙalau. Na ɗago na kalli Baba, shi kuma ya duƙufa yana gyara madubin mashin.

Na ce, "Baba, wannan sai na tambayo."

Ya ce, "Ba sauri nake ba." Ya kashe mashin.